Kada A Kife: Sharhi A Kan Tubalan Ginin Labari Cikin Tenchi Muyo!

1. Gabatarwa

A ƙasar Japan akwai wani irin wasan majigi wanda ba mutane ke fitowa cikinsa ba, sai hotunan da aka zana, aka jera su bi da bi har su riƙa motsi, sa'an nan aka ɗora musu muryoyin 'yan wasa. Mutanen ƙasar suna kiransa anime. Yana da rassa da yawa, kuma cikin rassan nan akwai wanda masu kallo suka laƙaba wa sunan harem, kalmar da Turawa suka aro daga Larabci, wadda ke nufin sashen gida da aka keɓe wa mata. Siffar wannan reshe ita ce a ɗauko saurayi guda, a kewaye shi da 'yan mata uku ko biyar ko fiye, kowace zuciyarta na gare shi, a yi ta jan labari ba tare da ya tsai da ɗaya ba.

Da wuya a yi zancen wannan reshe ba a ambaci Tenchi Muyo! ba. An fara fid da shi cikin 1992, kuma har cikin 2023 an sake fid da wani sabon jeri daga zuriyarsa, watau shekara 31 ke nan ana ɗiba daga rijiya guda. Zargin da aka fi yi masa shi ne maimaici: kullum baƙuwa ta faɗo daga sama, kullum mata biyu na faɗa, kullum saurayin na sosa ƙeya ya rasa abin faɗi. Zargin nan gaskiya ne, amma bai ƙare magana ba. Abin da wannan takarda ke nufin nunawa shi ne, dabarun nan da a ke ta maimaitawa, waɗanda za a kira tubalan ginin labari, duk aiki guda su ke yi, watau tara iyali a gida ɗaya da hana gidan watsewa. Wanda ya zauna jiran ya ga wadda Tenchi zai aura, ya sa ido a inda masu labarin ba su ajiye kayansu ba. A kan wannan ma'auni ne za a gwada inda tubalan suka ɗauki gini da inda suka tsage.

2. Asalinsa da sunansa

Masaki Kajishima da Hiroki Hayashi su ne suka ƙaga labarin, kamfanin AIC ya zana, kamfanin Pioneer LDC ya ɗauki nauyin fid da shi kasuwa. Jerin farko kashi 6 ne, daga 1992 zuwa 1993, kuma ba domin telebijin aka yi shi ba. Kowane kashi sayar da shi a ke yi daban, a kaset ko a faifan leza, mai so ya kai gida. Da aka ga ya karɓu sai aka ƙara kashi na 7, sa'an nan jeri na biyu daga 1994 zuwa 1995. Bayan haka aka yi na telebijin, Tenchi Universe cikin 1995 da Tenchi in Tokyo cikin 1997, kowanne kashi 26, da manyan finafinai uku cikin 1996 da 1997 da 1999. Kajishima ya koma kan zaren asali da jeri na uku daga 2003 zuwa 2005, na huɗu daga 2016 zuwa 2017, na biyar daga 2020 zuwa 2021.

Ga yadda labarin ya fara. Tenchi Masaki ɗan makarantar sakandare ne a lardin Okayama. Mahaifiyarsa ta rasu tun yana ƙarami. Kakansa na wajen uwa, Katsuhito, shi ke kula da wani ɗakin bauta na addinin Shinto a kan dutse, kusa da wani kogo da aka ce wani jarumi mai suna Yosho ya kulle aljana a ciki shekara 700 da suka wuce. Karambani ya sa yaron ya shiga kogon ya karya hatimin, aljanar kuwa ta zamana Ryoko ce, 'yar fashin sararin samaniya.

Sunan kansa wasa ne da kalmomi. A Japananci tenchi na nufin sama da ƙasa, kuma tenchi muyo shi ne abin da a ke rubutawa jikin kwali mai kaya masu fashewa, ma'anarsa kada a kife shi. Amma tun da ya ke sunan yaron Tenchi ne, ana iya karanta shi da cewa ba a bukatar Tenchi. Masu labarin sun san abin da su ke yi, domin kashi na 6 sun sa masa suna mai nufin ana bukatar Tenchi. Fassarar nan biyu, ta kwali da ta yaro, su ne mabuɗin duk abin da zai biyo baya.

3. Baƙuwa daga sama

Tubali na farko shi ne mace ta zo daga wata duniya ta sauka gidan talaka. Ya girmi majigi nesa ba kusa ba. Cikin tsohuwar hikayar Japan mai suna Taketori Monogatari, wadda ta haura shekara dubu, wani tsoho mai saran gora ya tsinci jaririya cikin kara, ta girma, manyan mutane biyar da sarki kansa suka nemi aurenta, ta ƙi su duka, daga ƙarshe mutanenta suka zo daga wata suka tafi da ita. Akwai kuma almarar hagoromo, inda wani mutum ya sami rigar gashin tsuntsu ta wata budurwar sama, ita kuwa ba ta iya komawa sai da rigar. A zamanin nan Rumiko Takahashi ta sabunta tubalin cikin Urusei Yatsura, wanda ta fara zanawa cikin 1978, aka mai da shi wasan telebijin cikin 1981.

Abin da Tenchi Muyo! ya yi shi ne ya juya hikayar mai saran gora. A can mace ɗaya ce da manema da yawa, kuma ƙarshenta rabuwa ne. A nan matan sama ne da yawa, saurayi ɗaya, kuma ba wadda ta koma. Kashi na 1 ya kawo Ryoko. Na 2 ya kawo Ayeka, gimbiyar daular Jurai, da ƙanwarta Sasami, suna neman ɗan'uwansu Yosho. Na 3 ya ƙyanƙyashe Ryo-Ohki, wata halitta tsakanin kyanwa da zomo wadda kan rikiɗa ta zama kumbo. Na 4 ya jefo Mihoshi, 'yar sandar sararin samaniya. Na 6 ya kuɓutar da Washu, masaniyar kimiyya. Ba abin mamaki ba ne kayan da a ke saya ɗaya bayan ɗaya kowanne ya zo da sabuwar fuska, amma abin lura shi ne yadda a ke hana baƙin tafiya. Kumbon Ayeka ya faɗi ya ragargaje, na Mihoshi ma haka, shi kuwa na Yosho, wanda itace ne mai rai kamar sauran jiragen sarautar Jurai, ya riga ya yi saiwa a ƙasa kusa da ɗakin bautar, ba ya sake tashi. Karyayyen kumbo shi ne ya maye gurbin rigar gashin tsuntsu.

Sai dai akwai bambanci mai nauyi. A yawancin sigogin almarar, mutumin ne ke ɓoye rigar don ya riƙe matar. A nan ba wanda ya ɓoye kome. A kashi na 13 sarkin Jurai, Azusa, ya zo da kansa tare da matansa biyu, Funaho da Misaki, don ya koma da 'ya'yansa, har ya zo wa Ayeka da mijin da ya zaɓa mata, Seiryo. Hanya ta buɗe sarai, amma 'yan matan suka ƙi. Aka shirya Tenchi ya kara da Seiryo, kafin a ja takobi sai ga kumbon Mihoshi ya faɗo cikin tafki, ambaliyar ta yi gaba da angon. An warware babban al'amari da abin dariya, amma an riga an nuna cewa zaman da ya fara bisa dole ya koma na ganin dama. Hausawa kan ce baƙo raɓa ne. A gidan Masaki raɓar ba ta bushewa.

4. Abokiyar gaba ta zama 'yar gida

Tubali na biyu shi ne wadda ta zo da yaƙi ta ƙare a bakin akushi. Ryoko ta fara ne da bin Tenchi da wuta cikin dare har makarantarsu ta rushe. Ayeka ta fara ne da kama shi ta kulle cikin kumbonta. Kafin a yi nisa duk su biyun suna zaune a tabarma ɗaya suna gardama a kan wa zai yi shara. Dabarar da a ke bi wajen wanke mai laifi kusan guda ce: a nuna cewa wani ne ya sarrafa ta. Harin da Ryoko ta kai wa Jurai shekara 700 baya, mugun nan Kagato ne ya tilasta ta. Zero, mutum-mutumin da Dakta Clay ya aiko cikin siffar Ryoko don ta kashe Tenchi, ta kwafi ƙwaƙwalwar Ryoko har da soyayyarta, ta kasa aikata abin da aka turo ta, daga baya aka haɗe su biyun suka zama ɗaya. Mayuka, ta fim ɗin 1997, wadda ta zo tana kiran Tenchi baba alhali makami ce aka ƙera, an sake haihuwarta jaririya, gidan ya karɓe ta reno.

In aka jera magabtan nan za a ga wani tsari da ba a faɗa da baki. Maza irin su Kagato da Kain halaka su a ke yi, Clay kuma a hannun hukuma ya ƙare. Mata kuwa galibi sai a nemo musu uzuri da wurin kwana. Akwai togiya, domin Yuzuha, wadda ta ƙera Mayuka, ba ta tsira ba. Amma togiya ɗaya ba ta rushe ƙa'ida. Labarin yana yin afuwa ga wadda za ta iya ƙara yawan gidan, yana kuma kau da wanda zai iya zama kishiyar Tenchi wajen riƙe shi. Wannan rahama ce mai zaɓe, kuma nan ne wuri na farko da mai sharhi zai ɗaga gira.

5. Saurayin da ba ya zaɓe

Tubali na uku shi ne wanda aka fi sani, aka kuma fi kwaikwayo. Saurayin Urusei Yatsura, Ataru, mai bin mata ne. Tenchi kuwa ba ya bin kowa. Yana da ladabi, yana da kunya, yana share matakalar ɗakin bauta, yana koyon takobi wurin kakansa, yana noma karas domin Ryo-Ohki ba ta da abinci sai shi. In Ryoko ta rungume shi sai ya zame, in Ayeka ta yi fushi sai ya ba da haƙuri.

Bahaushen da ya ji an ce mata da yawa a gida ɗaya, gidan kishiyoyi zai fara zuwa masa a rai. Kamar ba ta cika ba. A gidan kishiyoyi aure ya riga ya ɗauru, kowace tana da ɗakinta da kwananta da haƙƙinta, rigima kuwa a kan adalcin rabo ta ke. A gidan Masaki, cikin jerin farko da na biyu da na telebijin, ba wadda ke da igiya ko ɗaya. Rigimarsu a kan abin da bai auku ba ce, kuma ba za a bari ya auku ba, domin ranar da Tenchi ya nuna ɗaya, sauran ba su da sauran dalilin zama. Gimbiya za ta koma fadarta, 'yar sanda ta koma bakin aiki, kwalin ya kife ke nan. Saboda haka rashin zaɓen Tenchi shi ne maɗaurin tsintsiyar.

Masu labarin sun ƙara wa maɗaurin ƙarfi da dangantaka mai sarƙaƙiya. Katsuhito shi ne Yosho, ya ɓad da kama ya zauna a duniya. Ayeka kuwa ƙanwar Yosho ce, uba ɗaya, kuma da shi aka yi mata baiko tun farko. Ashe ke nan, a lissafin zumunta irin na Hausa, Ayeka da Sasami kakannin Tenchi ne, ko da ya ke dogon barcin da suka yi cikin kumbo ya bar su da ƙuruciyarsu. Washu ita ta ƙagi Ryoko, tana kuma ce mata 'yarta. Da haka waɗanda suka shigo a matsayin masu neman miji suka wayi gari 'yan'uwa ne, iyaye da 'ya'ya da jikoki.

Farashin wannan dabara Tenchi ne ya biya shi. Mutumin da aka hana shi so da ƙi don kada ya ɓata wa kowa, a hankali sai ya zama fanko. Fassara ta biyu ta sunan, cewa ba a bukatarsa, ta kusa zama gaskiya. Masu kwaikwayon da suka biyo baya sun ɗauki fankon sun bar gonar karas da tsintsiyar shara, watau ɗan abin da ya sa a ke ganin Tenchi kamar mutum mai aikin yi.

6. Hali zanen dutse

Tubali na huɗu shi ne a ba kowace mace hali guda wanda ba ya sakewa. Ryoko 'yar taurin kai ce, mashayiya, malalaciya. Ayeka mai ji da sarauta ce, mai tsare mutunci har sai an taɓo ta. Sasami, ƙaramarsu duka, ita ce mai girki da kula da kowa. Mihoshi sakarya ce mai sa'a, kome ta taɓa sai ya fashe, amma fashewar kan zama alheri. Washu gwanar da ta san kome ce, tana yawo cikin siffar yarinya. Mai sauraron tatsuniya ya san amfanin irin wannan. Da an ce Gizo, ba sai an bayyana wayo da haɗama ba, mai ba da labari ya sami damar shiga zance kai tsaye. Haka da an ga Ryoko da Ayeka sun haɗa ido, mai kallo ya san abin da ke tafe, jin daɗinsa kuwa yana cikin ganin ta wace hanya zai zo yau.

Inda jeri na biyu ya fi sauran shi ne ya tona ƙarƙashin halayen nan ya nuna miki. A kashi na 8 an kawo wa gidan jariri reno, duk suka kasa sai Washu. Daga nan ta bayyana cewa ta taɓa aure ta haihu, dangin mijin suka raba ta da shi da ɗan saboda ba ta da asali irin nasu, ita kuwa ta ɗauki siffar yarinya don ta fita daga sha'anin manya. A kashi na 9 aka ji cewa ranar harin Ryoko a Jurai, Sasami ta faɗo daga bisa ta yi raunin mutuwa, Tsunami, uwar itatuwan sarauta, ta haɗe da ita don ta rayu. Tun ran nan yarinyar ke ɓoye tsoron cewa Sasami ta ainihi ta mutu, ita kwafi ce kawai, kuma in an gane za a ƙi ta. Ita ma Ryoko an nuna cewa shekarun da ta yi a kulle, kurwarta kan fito bakin kogo tana kallon Tenchi yana girma, ba ta da ikon taɓa shi.

Da an san waɗannan, abin dariyar sai ya sake launi. Yarinyar da ke tashi da asuba tana dafa wa kowa abinci, tana sayen wurin zamanta ne, a gidan da uwa ta mutu ta bar murhu. Kowace daga cikinsu ta rasa wani abu, miji ko ɗa ko ƙasa ko 'yanci, shi ma yaron maraya ne. Gidan Masaki matattarar waɗanda suka yi rashi ce, kuma wannan ne ya ba hana shi watsewa nauyi.

Game da wuraren wanka da tsiraici, waɗanda ba a rasa su a wannan reshe, tarihi ya riga ya yi gwaji. Sa'ad da tashar Cartoon Network ta Amurka ta nuna wasan cikin 2000, an zana wa matan rigunan wanka, giyar shinkafa kuma aka ce shayi ce. Labarin bai rasa kome nasa ba, har ya sami ɗimbin masoya a can. Abin da za a iya rufewa gini bai girgiza ba, ado ne na jan mai saye.

7. Ɗan sarki a gonar karas

Tubali na biyar shi ne talakan da ashe jinin sarauta ne. Takobin da Tenchi ya ɗauko a kogo mabuɗi ne da ba ya aiki sai a hannun ɗan gidan Jurai. A kashi na 6, bayan Kagato ya kusa kashe shi, ya fid da wasu fukafukan haske guda uku daga jikinsa, ƙarfin da a da jiragen sarauta kaɗai aka sani da shi. A yawancin hikayoyi irin wannan bayani kan ɗauke yaro daga ƙauye ya kai shi fada. A nan kuwa fadar ce ke tattaki zuwa ƙauye. A ƙarshen Tenchi Universe, bayan an kau da mai ƙwacen mulki, gadon Jurai na jiran Tenchi, sai ya bar shi ya komo gida, matan kuma suka biyo shi. Kakansa ma abin da ya yi ke nan tun farko.

Ƙauyen kuwa na gaske ne. Kajishima mutumin Okayama ne, kuma sunaye da yawa na cikin labarin daga wuraren lardin aka ɗauko su, kamar Washu daga dutsen Washu da ke kallon babbar gadar Seto, da Funaho daga garin Funao. Har cikin 2014 birnin Takahashi na lardin ya sa kuɗi aka yi wasu gajerun kashi masu suna Ai Tenchi Muyo! don jawo baƙi. Daular taurari duka an ɗaure ta a turken wani gida na bakin tafki, kuma yaƙe-yaƙen sama ba su da wani amfani a labarin sai barazana ga cin abincin dare.

8. Gwajin kifewa

Tubali na shida shi ne sake labari daga tushe. Jerin asali, da Tenchi Universe, da Tenchi in Tokyo, ba ci gaban juna ba ne. Kowanne ya sake ba mutanen asali dabam. A ɗaya Washu uwar Ryoko ce, a wani ba su haɗa kome ba. A ɗaya sunan mahaifiyar Tenchi Kiyone, a fim ɗin 1996 Achika, alhali a na telebijin Kiyone sunan abokiyar aikin Mihoshi ne. Abin da ba ya sakewa shi ne halayen da gidan. Wannan shaida ce mai ƙarfi cewa su ne ainihin dukiyar, tarihin kowa kuwa riga ce da a ke canzawa.

Sau biyu aka gwada kife kwalin da gangan. A Tenchi in Tokyo an tura yaron birni koyon aikin ɗakin bauta, ya haɗu da wata 'yar makaranta, Sakuya, ya so ta so na gaske. Nan da nan gidan ya watse, Ryoko ta koma fashi. Don a gyara, sai aka bayyana cewa Sakuya inuwa ce kawai ta wata yarinya mai sihiri, Yugi, wadda ta shirya raba su, aka shafe ta, kowa ya komo. A fim ɗin 1999, wanda Hiroshi Negishi ya shirya, faɗan Ryoko da Ayeka ya kori Tenchi cikin daji, kurwar Haruna, tsohuwar masoyiyar Yosho, ta ɗauke shi zuwa wata duniyar mafarki inda ya zauna da ita kamar miji da mata. Wata shida kishiyoyin nan biyu suna aikin kai abinci a gidan cin abinci, suna kwana ɗaki ɗaya, suna nemansa. Wannan fim shi ne mafi nutsuwa cikin zuriyar duka, domin ya cire dariya ya bar tambayar tsirara. Amma amsarsa ɗaya ce da ta Tokyo. Sau biyu Tenchi ya keɓe da mace guda, sau biyu ta zamana ba mai rai ba ce irin ta mutane. A wannan duniya soyayyar mutum biyu mafarki ce, taron gida shi ne farke.

9. Inda ginin ya tsage

Daga 2002 Kajishima ya bi wata hanyar warware matsalar, watau a zaɓi kowa. A Tenchi Muyo! GXP, mai kashi 26, wani yaro maras sa'a, Seina Yamada, ya shiga aikin 'yan sandan sama bisa kuskure, ya ƙare da ɗaurin aure da mata huɗu rana ɗaya, wasu huɗu kuma suka sace shi a wurin bikin. A jeri na uku an kawo wa Tenchi wata Noike a matsayin wadda manya suka yi masa baiko da ita, aka kuma ɗaga Washu da Tsunami da Tokimi zuwa alloli mata uku da suka halicci sammai, masu ikon mai da lokaci baya su goge ɓarna. A jeri na biyar an ga Tenchi magidanci da 'ya'ya.

Ta fuskar hankali wannan ƙarshe ya dace da abin da aka faro, tun da sarkin Jurai kansa mata biyu gare shi. Ta fuskar fasaha kuwa hasara ce. Muddin ana tsoron gidan zai iya watsewa, kowane zama a kan abinci yana da daraja. Da aka tabbatar ba abin da zai taɓa shi, mutuwa ma ana iya warware ta, sai jeri na huɗu da na biyar suka koma zaman manya ana shan shayi ana lissafin dangi da shirya aure, da shirin tura Kenshi, ƙanen Tenchi, zuwa duniyar Geminar, labarin da aka riga aka nuna tun 2009. Mai kallon da bai karanta littattafan da Kajishima ya wallafa a gefe ba, ba zai san rabin mutanen da ke ɗakin ba. Matan da aka san su da miki da buri sun zama jerin sunaye a bishiyar zuriya, Ryoko da ta fasa daula ta zama ɗaya cikin masu zaman falo.

10. Kammalawa

Maimaici shi kansa ba aibi ba ne ga labari, in dai akwai abin da a ke tsoron rasawa. Cikin kashi 13 na farko, da Tenchi Universe, da fim ɗin 1999, tubalan nan shida sun ɗauki gini mai kyau: marasa gida sun sami gida, kuma mai kallo ya san kalma ɗaya daga bakin yaron tana iya rushe shi. Laifinsu a wannan zamani shi ne afuwa mai zaɓe da kuma saurayin da aka rage wa jini. Daga baya, sa'ad da aka kau da yiwuwar rushewa, tubalan suna nan yadda su ke amma ba abin da su ke ɗauke da shi. Ayyukan da suka biyo sawu, irin su Love Hina na Ken Akamatsu, wanda aka fara zanawa cikin 1998, sun gaji gidan da baƙin da saurayin mai kunya. Wanda zai auna su, ko ya auna wani labari mai irin wannan zubi a kowane harshe, zai fi samun amfani in ya bar ƙidayar matan, ya tambayi abin da kowace ta rasa kafin ta zo, da abin da zai same ta in gidan ya tashi.